Wace Ce Hansatu?

Wata rana, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na je gaida kawuna a gidan kula da tsofaffi.

Tsaya. Na san wasunku har sun fara ɗaura ɗamarar zagi.

"Gidan tsofaffi? A ƙasar Hausa? Wa'iyazu billahi!"

Ku ajiye duwatsunku tukuna. Kawuna Allah bai ba shi haihuwa ba, ɓarin jikinsa ya shanye, ga shi ƙato, sai mutum biyu sun kama ake ɗaga shi. Abin da mutanen gidan nan suke yi masa, mu ba mu iya ba. Ni nawa aikin in kai masa goro, in goge masa a magogi tunda haƙoran sun yi ritaya, in zauna yana faɗan duniya ta lalace ina cewa haka ne, Kawu.

Amma ba labarinsa zan ba ku ba.

A bakin ƙofar gidan akwai bishiyar darbejiya. Ranar nan na ga wata mata a gindinta, ta shimfiɗa buhu ta zauna, ta rungume fulas kamar mai riƙe da jariri.

Ta doshi sittin. Hijabinta ya koɗe, amma a goge yake.

Na gaishe ta na wuce. Na fito, tana nan.

Juma'a ta zagayo, tana nan. Wadda ta biyo ma haka.

Ni kuwa kun san hali, ba na ganin abu in haɗiye.

Na durƙusa na ce, "Baba, lafiya kullum nake ganinki a nan?"

Ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan. Uwata ce a ciki."

"To ki shiga mana."

Ta yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo.

"An hana ni."

Na gyara zanina na zauna a gefen buhun. Goron Kawu ya jira.

Ta ce sunanta Uwani. Haka kowa ke kiranta, haka ni ma na kira ta. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani a gaba.

Ita ce 'yar fari a wajen mahaifiyarta, wadda duk gidan suke ce wa Inna. Da mijin Uwani ya rasu, ta gama takaba, sai ta kwaso kayanta ta dawo ɗakin Inna, don a lokacin ƙafar Inna ta fara ƙi, kuma gigin tsufa ya fara leƙowa.

Shekaru tana kanta.

Wanka ita. Wanki ita. Kitso ita. Juya ta a shimfiɗa don kada bayanta ya yi gyambo, ita. Kwasar abin da ba a faɗa a bainar jama'a, ita.

Ta ce mini, tana dariya, "Kuma duk wannan bautar, Inna ba ta taɓa kallona ido cikin ido a gaban mutane ba. Kin san 'yar fari. In da baƙo a ɗakin, da bango take magana. 'A faɗa wa waccan kunun ya yi tsami.' Alhali ga ni a zaune, ludayin ma a hannuna yake. Sai ɗaki ya watse, mu biyu, sannan za ta ce, 'Ke, wannan, matsa mini ƙafar nan.' Ranar da ta ce haka, wallahi ji nake kamar an biya mini Makka."

Ba ƙorafi take ba. Da alfahari take faɗa.

Na ce, "Ba ki da ƙanne?"

Akwai su. Matan suna gidajen aurensu a wasu garuruwa. Namijin ɗaya ne, Alhaji Nafi'u, ɗan kasuwa, mai gidan bene. Ita ta goya shi. Ita ta yi masa tsarki yana yaro, ita ta riƙa raka shi makarantar allo yana kuka yana tirjiya.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, yana aiko da buhun shinkafa da magani. Ranar Sallah kuma yakan zo da fararen kaya, ya durƙusa gaban Inna a ɗauke su hoto.

Sai Allah ya jarrabi Uwani da ƙari a ciki, aka kwantar da ita asibiti aka yi mata aiki.

Ranar da aka sallamo ta, ta shiga ɗakin Inna da sallama.

Shiru.

An share ɗakin tas. Katifa a jingine da bango.

Ta kira Nafi'u, ashe ya kawo Inna gidan tsofaffin nan. Ya ce, "Na ɗan lokaci ne, Yaya, kafin ki warware. Ai likita ya ce kada ki ƙara ɗaga abu mai nauyi."

Gaskiya ne, likita ya faɗa. Ta yi kukanta ta share hawaye, don ta san ko an dawo mata da Inna ba za ta iya ɗaga ta ba. Abu ɗaya ta roƙa: a bar ta ta riƙa zuwa kullum tana ba uwarta kunu da hannunta.

Mutanen gidan ba su musa ba. Murna ma suka yi, don ta ce su da kansu suke roƙon dangi su riƙa zuwa. Wasu tsofaffin tun ranar da aka sauke su ba a sake leƙo su ba.

Ta riƙa zuwa. Ta dama kunun gyaɗa da sassafe, ta hau adaidaita, ta zo ta shafa wa Inna man kaɗanya, ta ɗaura mata ɗankwali.

"Amma ina da baki, 'yar nan, ba zan ɓoye miki ba," in ji ta. "In na ga kunun gidan tsararo sai na faɗa. In na tarar da kanta ba ɗankwali sai na yi faɗa. Matar da ko mahaifinmu bai cika ganin gashinta ba, a bar ta kai a buɗe maza na giftawa?"

Wata safiya ta zo kamar kullum, mai gadi ya tare ƙofa, yana sunkuyar da kai.

"Hajiya, ki yi haƙuri. An ce kada in bar ki."

Ta kira ƙaninta.

Ya ce, "Yaya, kin cika faɗa da ma'aikata, sun gaji. Ki ɗan zauna a gida ƙura ta lafa. Zan lallaɓa su."

Ta yarda.

Wa za ta yarda da shi in ba ɗan da ta goya ba?

Ta kalle ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Bakina ne ya raba ni da uwata. Kullum sai na yi istigfari a kansa."

Amma ba ta zauna a gida ba. Kullum sai ta damo kunun, ta miƙa wa mai gadi, ta zauna a gindin darbejiya har a fito mata da fulas ɗin. Da nauyinsa take gane lafiyar Inna. In ya dawo ba nauyi, ta koma gida da farin ciki.

Ranar Juma'a kuwa motar Alhaji takan zo. Yakan tsaya daidai inda take, ya sauke gilashi, sanyin mota da ƙamshin turare su bugo ta, ya ce, "Ana kan magana, Yaya. Ki ƙara haƙuri."

Ya ɗage gilashi, a buɗe masa ƙofa, ya shige.

"Yau ma ya shiga ɗazu," ta ce.

Sai ta ɗaga fulas ɗin ta miƙo mini.

"Ji nauyinsa. Kwana biyun nan haka yake dawo mini, ko buɗe shi ba a yi."

Jama'a, raina ya ɓaci. Ba ɓaci kaɗan ba.

Na karɓi fulas ɗin na ce ta jira ni. Na shige ciki, ko ɗakin Kawu ban kalla ba, na nufi ofishin shugabar ma'aikatan, Sista Nabila.

Na san ta, tunda ita ke kula da Kawu. Yarinya ce mai kirki, mai tsafta, ta san aikinta, ba ta taɓa ɗaga wa tsoho murya ba. Amma ranar nan da faɗa na shiga.

Na dire fulas a kan teburinta.

"Sista, yanzu don mace ta ce kununku tsararo ne sai ku raba ta da uwarta? Ba ku da iyaye ne?"

Ta zaro ido. "Wace mace?"

"Ta bakin ƙofa!"

"Subhanallahi. Anti, wa ya ce miki saboda faɗa ne? Ai faɗanta gyara ne a wajenmu. Ita ta koya mana yadda ake ɗaura wa Inna ɗankwali ba ya zamewa. Da duk dangi haka suke da mun huta."

Na ja kujera.

"To me ya faru?"

Ta ce aikinsu ne su lura da abin da ke tayar wa tsoho hankali, musamman mai gigi, wanda ba zai iya buɗe baki ya ce ga abin da ke damunsa ba. Ɗakin su Inna gado uku ne, kullum da mutane. Kowa ya shigo, Inna ta yi masa fara'a, har tsokanar ma'aikata take. Amma da zarar wannan 'yar tata ta yi sallama, sai ta ɗauke wuta. Ta juya fuska bango. Ba magana, ba kallo.

"Ita kuma sai ta zagaya ta bayanta, ta riƙa zuro mata ludayi ta gefe. Anti, ke in kin ga haka me za ki ce? Ni gani na yi kamar ɗura ake yi mata."

Na gyara zama.

Ta ci gaba. "Ban yanke hukunci da ka ba, sai da na gwada. Ranar da 'ya'yan suka taru, na riƙa nuna mata su ɗaya bayan ɗaya. Inna, wane ne wannan? Ta ce Nafi'u. Wannan fa? Ta faɗi suna. Duk ta faɗa, ba kuskure. Da na nuna ita, sai ta kau da kai ta ce, 'Oho.' Ita kuma 'yar, maimakon ta damu, dariya ta yi. Uwarki ta ƙi ki a gaban mutane kina dariya?"

"Alhajin fa? Yana wajen?"

"Yana wajen. Shi ma ya yi dariya. Shi ya sa na ja shi ofis, tunda shi ya kawo ta, maganarsa muke bi. Na ce, Alhaji, akwai wani abu tsakanin Inna da yayarka ne?"

"Ya ce me?"

"Ya gyara zaman hularsa. Sannan ya ce, 'Dama can haka suke. Ki yi abin da kika ga ya fi wa Inna.' Ya ce in bar masa, shi zai yi wa yayarsa bayani a hankali."

Na dafe kai.

"Sista. Matar nan 'yar fari ce."

Ta kalle ni, tsakaninta da Allah ba ta gane ba.

"To? Ni ma ai 'yar fari ce."

"Mamanki tana kiran sunanki?"

"Sosai ma. 'Nabilata' take ce mini, ko a gaban waye."

Kun ji inda gizo ya yi saƙar.

Yarinyar nan ta tashi a gidan da uwa ke rungume ɗan fari a tsakar gida. Ta taɓa jin kalmar alkunya, amma a wajenta labarin mutanen da ne. Ba ta taɓa ganin abin da idonta ba, balle ta gane shi a fuskar tsohuwa mai gigi.

Na ce, "Sista, iyayenmu na da ba sa kiran sunan ɗan fari. Ba sa kallonsa a gaban mutane, ba sa nuna sun san da shi. Ba ƙi ba ne. Son ne ya yi yawa har ake jin kunyar a gan shi. Gigi ya kwashe wa tsohuwar nan abubuwa da yawa, amma bai kwashe wannan ba. Duk ɗakin nan mutum ɗaya take juya wa baya, don mutum ɗaya ce 'yar farinta."

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Sista Nabila ta tambayi fuska, fuska ta ba ta amsa da yaren da ba ta ji.

Ita rashin sani ne ya ja ta, kuma ta yi abin da mai hankali ke yi, ta tambayi ɗan gida.

Shi Alhajin fa?

Shi a ɗakin aka haife shi. Da "a faɗa wa waccan" ya buɗe kunne. Kalma ɗaya ce a bakinsa, ya ce alkunya ce, magana ta mutu a nan.

Bai faɗa ba.

Sista ta ɗora hannu a kan baki. Can ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, kamar mai neman inda za ta dafa:

"Amma Anti, ai ba ita Inna take nema ba. Da ita take nema da na gane. Tun da ta daina cin abinci, wata daban take ta kira, safe da yamma, har masu kwana ɗakin suka haddace. Na tambayi Alhaji, ya ce sunan kakarsu ne, uwar mahaifinsu, ta daɗe da rasuwa. Muka ce gigin ne ya mai da ita baya."

"Wane suna?"

"Hansatu."

Ban san sunan ba. Amma jikina ya ba ni.

Na ce, "Tashi mu je ƙofa."

Muka fita tare. Baba Uwani na ganin farar rigar Sista ta yunƙura ta miƙe, tana dafe da inda aka yi mata aiki, ta fara ba da haƙuri tun kafin mu ƙaraso.

"Sista, don girman Allah ki yafe mini. Na daina. Ko ruwa kuka ba ta a matsayin kunu ba zan ƙara tankawa ba. Ki bar ni in gan ta ko daga bakin taga ne."

Sista ta kasa kallonta. Ta durƙusa har ƙasa.

"Mama, wace ce Hansatu?"

Matar nan ta tsaya cak.

"A ina kika ji sunan nan?"

"A bakin Inna."

"Inna? Inna ce ta faɗa? Da bakinta?"

"Ta yi ta kira, Mama. Kwana da kwanaki."

Ta dafa bishiyar.

"Ni ce."

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Ai Uwani ba suna ba ne, laƙabi ne. Sunan uwar mahaifinta aka sa mata, aka ɓoye shi da Uwani. Kunya biyu ke kan sunan nan a wajen Inna: na 'yar fari ne, kuma na suruka ne. Sunan da ko za a yanka ta ba za ta furta ba.

Tun ranar da aka raɗa mata shi, Uwani ba ta taɓa jin sa a bakin uwarta ba. Ko sau ɗaya.

Tsohuwar nan sai da ta nemi 'yarta ta rasa, ta jira sallamarta ba ta ji ba, sannan ta karya abin da ta riƙe tsawon rayuwarta, ta ɗaga murya ta kira.

Tana kira a ciki.

Mai sunan tana zaune a waje, katanga ɗaya ce tsakaninsu, tana istigfari a kan bakinta.

Mai gadi bai jira umarni ba, ya wangale ƙofa.

A baranda muka ci karo da Alhaji Nafi'u, ya fito daga ɗakin yana amsa waya. Da ya ga yayarsa, ga Sista a bayanta da jajayen idanu, sai ya sauke wayar a hankali.

Na zaci za ta yi kururuwa. Ni da ni ce, da duk unguwar ta taru.

Ba ta ɗaga murya ba.

"Nafi'u, wace ce Hansatu?"

Ya ce, "Yaya, ai ban yi ƙarya ba. Sunan Kaka ne."

"Ban ce ka yi ƙarya ba."

"Yaya, ki fahimce ni. Kin san abin da ake faɗa a kaina a gari? Kullum ana ganinki a titi da fulas, ana cewa ga yayar Alhaji can, shi ya gina bene ya jefar da uwarsa. Har a masallaci sai da aka yi mini habaici. Na ɗauka in an hana ki za ki gaji ki zauna a gida, maganar ta mutu. Ke ma ki huta."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Da ta kira fa? Ka ji da kunnenka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ji."

"Kai ka ji. Ni ban ji ba."

Ta raɓa ta gefensa ta wuce, kamar yadda ake raɓa turmi a tsakar gida.

A bakin ɗakin Sista ta riƙo hannunta.

"Mama, kafin ki shiga. Jikin ya ƙara tsanani. Bakin ya rufe, ta daina magana gaba ɗaya. Kuma ba ta gane kowa, ko Alhaji ɗazu ba ta san ya zo ba."

Ta gyaɗa kai kawai.

Muka shiga. Inna tana kwance, 'yar ƙarama a tsakiyar gado, idonta a buɗe yana kallon sama. Sista ta gaishe ta, ko gezau. Ni ma na gaishe ta, kamar da gini nake magana.

Baba Uwani ta tsaya daga ƙofa, ta yi sallama irin wadda ta saba.

"Salamu alaikum. An wuni lafiya?"

Idon tsohuwar ya motsa.

Ya sauko daga sama a hankali, ya zo kan mai sallamar, ya tsaya kamar ƙiftawa ɗaya.

Sannan, da ɗan ƙarfin da ya rage mata, Inna ta juya fuskarta bango.

Baba Uwani ta fashe da dariya, hawaye na zuba har kan hijabi.

"Kun gani? Ta gane ni. Wallahi ta gane ni!"

Ta zagaya ta bayan gadon ta zauna. Ta gyara ɗankwalin da ya zame. Ta buɗe fulas ta tsiyaya a kofi, ta ɗebo a ludayi ta hura, ta zuro ta gefe ba tare da ta kalli fuskar ba.

Bakin da ya ƙi kowa ya buɗe.

Ta sha. Ta ƙara sha.

Sista ta juya tana goge ido da bayan hannu. Ni kam ban ɓoye nawa ba, na yi kukana sosai, har tsohuwar gadon kusa tana ba ni haƙuri.

Da aka gama, Baba Uwani ta goge wa Inna baki, ta yafito Sista da hannu. Ta yi ƙasa da murya don kada mai gadon ta ji kunya.

"'Yar nan, roƙo ɗaya. Yaya take faɗinsa?"

"Me, Mama?"

"Sunan. Hansatu take cewa, ko Hansai? Da faɗa take kira, ko a hankali? Faɗa mini yadda ta faɗa."

Sista ta matso kusa da ita. Sannan ta sunkuya daidai kunnenta, ta kwaikwayi muryar tsohuwa, tana jan ƙarshen:

"Hansatuu. Hansatuu, ina kika shiga ne?"

Matar nan ta rufe ido.

"Ƙara."

Ta ƙara.

"Ƙara ɗaya."

Daga ranar ba wanda ya sake tare ta a ƙofa. Sista ta sa aka ajiye mata tabarma a bayan gadon. Kuma ta canja yadda suke karɓar tsoho a gidan: yanzu in an kawo, sai ta tambaya wa yake yi masa wanka a gida, ta ce shi take son gani.

Amma Inna ba ta sake magana ba. Ba a daɗe ba Allah ya karɓi abinsa, kanta a kan cinyar 'yarta, fuskarta na kallon bango.

Na je gaisuwa. Na ga Alhaji Nafi'u a kan darduma a ƙofar gida, manyan mutane na ta miƙa masa hannu.

"Allah ya saka maka, Alhaji. Ka riƙe tsohuwa har ƙarshe. Irinku ake roƙo."

Yana amsawa da amin.

Na shige cikin gida kafin bakina ya ja mini.

Baba Uwani ba ta tona shi ba. Ko ƙannenta mata ba ta faɗa wa ba. Har yau in ya gaishe ta tana amsawa. Da na ce mata ni da ni ce ba zan iya ba, sai ta ce:

"Gidan da ya kai ta, na yafe. Zaman ƙofar ma na yafe. Amma abu ɗaya na jira tun ina yarinya, Inna ta aiko mini da shi, shi ya karɓa ya riƙe. Wannan ban san yadda ake yafe shi ba, 'yar nan. Ina dai roƙon Allah ya koya mini."

Na nemi izininta kafin in rubuta wannan. Ta ce in rubuta, amma in sa sunan daidai.

Darasi:

Mai sa hannu a takarda daban, mai sa hannu a baho daban.

Ku masu aiki a gidajen kula da tsofaffi da marasa lafiya, Allah ya biya ku, aikinku ba ƙarami ba ne. Amma in an kawo muku tsoho, kada ku tsaya kan wanda ya sauke shi daga mota. Ku nemi wadda ta san yadda yake tari, ta san wane gefe yake kwanciya, ta san abin da shirunsa ke nufi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku jawo ta ciki, ku ba ta wajen zama. In kun ga abin da ba ku gane ba a tsakaninsu, ita za ku fara tambaya, ba a bayan idonta ba.

Mu kuma dangi, kai tsoho inda za a kula da shi ba shi ne jefarwa ba. Jefarwa ita ce ka tare hanyar wanda yake son zuwa, don kada zuwansa ya nuna rashin zuwanka.

Kuma ba sai ka yi ƙarya kake cin amana ba. Wani da gaskiya yake yanka ɗan'uwansa.

Kusan kowane gida akwai Uwaninsa, wadda ta ɗauki wahalar tsoho ba hoto ba godiya. Ku tura wannan labarin a guruf ɗin gidanku na waya, kada ku ambaci kowa, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

In kun tura, ku yi wa Inna addu'a. Ku haɗa da Hansatu, wadda uwarta ta kira ta kwana da kwanaki, amma sai a bakin wata ta ji.